Kwana 9 ko minti 1: Abin da bincike ya gano kan daɗewar ƙwayar korona a jikin kaya da magungunan kashe ta

A watannin farko na 2020, da wuya mutum ya je banki ko asibiti ko babban kanti a Najeriya bai tarar da bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa ba. Masu gadi suka koma masu ɗiga wa jama'a sanitaiza a tafin hannu. A wasu gidajen sai kayan cefane sun sha rana a tsakar gida kafin su shiga kicin, wasu mutanen ma har takardar kuɗi suke gogewa. Gwamnatocin jihohi kuma suka fito da ma'aikata sanye da fararen kaya suna feshi a kasuwanni da tashoshin mota da tituna.

Tsoro ɗaya ne ya haifar da wannan duka: cewa ƙwayar cutar korona tana iya kwanciya a jikin mariƙin ƙofa ko kuɗi ko wayar salula, ta yi kwanaki tana jiran wanda zai taɓa.

Yanzu ƙura ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta cire korona daga matakin gaggawa na duniya a ranar 5 ga Mayun 2023, bokitan kuma da yawansu sun koma na tara ruwa. Amma cutar ba ta ɓace ba, danginta na nan, ga zazzaɓin Lassa da kwalara da ke dawowa kowace shekara. Sanin abin da ya yi aiki a wancan lokacin da abin da ya zama asarar kuɗi kawai, shi ne zai hana a maimaita kuskure a annoba ta gaba.

Inda maganar kwana tara ta samo asali

A farkon Fabrairun 2020, kafin a samu mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga watan, wasu masana a Jamus ƙarƙashin Günter Kampf na Jami'ar Greifswald suka wallafa nazari a mujallar Journal of Hospital Infection. Ba sabon gwaji suka yi ba. Sun tattara sakamakon bincike 22 da aka riga aka yi kan dangin korona, wato ƙwayar SARS da ta ɓarke a 2002 zuwa 2003, da MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, da waɗanda ke jawo mura ta yau da kullum.

Abin da suka fitar shi ne waɗannan ƙwayoyi na iya kai kwana 9 a kan ƙarfe da gilashi da roba. A wannan takardar dai suka ce sinadaran da ake da su a gida na kashe su cikin minti ɗaya. Kafafen labarai da guruf-guruf na WhatsApp suka ɗauki rabin farko suka yi ta yaɗawa, rabi na biyun bai samu irin wannan kasuwar ba.

A watan Maris sai ga gwaji kan sabuwar ƙwayar kanta. Masana a ɗakin gwaje-gwaje na Rocky Mountain da ke jihar Montana a Amurka suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa sun iske ta da rai har sa'a 72 a kan roba da ƙarfe marar tsatsa, sa'a 24 a kan kwali, sa'a 4 kacal a kan jan ƙarfe. A cikin iska kuma ta kai sa'a 3 da gwajin ya ɗauka.

Masana a Jami'ar Hong Kong suka faɗaɗa jerin a watan Afrilu. A kan takarda da tishu, ba su sami ƙwaya mai rai ba bayan sa'a 3. A kan katako da yadi ta ɓace a rana ta biyu, a kan gilashi da takardar kuɗi a rana ta huɗu, a kan roba da ƙarfe a rana ta bakwai. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne bayan takunkumin asibiti, inda aka tarar da 'yar kaɗan tana da rai har a rana ta bakwai.

Adadin da ya fi tayar da hankali ya fito ne daga Ostireliya a Oktoban 2020. Hukumar bincike ta ƙasar, CSIRO, ta ce ƙwayar ta yi kwana 28 a kan gilashi da ƙarfe da takardun kuɗi, na leda da na takarda. Labarin ya shafi Najeriya kai tsaye, domin naira 5 da 10 da 20 da 50 na leda ne, manyan kuma na takarda, duk suna yawo daga hannun ɗan achaba zuwa na mai shayi. Tun a Fabrairu ma babban bankin China ya fara killace kuɗin da suka fito daga wuraren da cutar ta yi ƙamari na kwana 7 zuwa 14, bayan an gasa su da zafi ko haske mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ɗakin gwaji daban, kasuwa daban

Sai dai akwai bayanan da ba sa shiga kanun labarai. Gwajin Ostireliya an yi shi ne cikin duhu, a sanyin digiri 20 da ba ya hawa ba ya sauka. Da suka ɗaga zafin zuwa digiri 40, a kan wasu kayan ƙwayar ba ta kai kwana ɗaya ba.

Sannan ƙwayar ba ta zama da ƙarfinta har rana ta ƙarshe, raguwa take yi tun daga lokacin da ta sauka. Masanan Montana sun auna cewa a kan roba rabinta na mutuwa a kusan kowace sa'a 7. Idan 1,000 suka sauka a kan kujerar roba da asuba, kafin azahar saura 500, bayan isha'i 250, kafin wata asubar sun yi ƙasa da 125. Abin da ake tararwa a rana ta uku ɗan saura ne da sai na'urar ɗakin gwaji ke iya gano shi.

A Yulin 2020, Emanuel Goldman, masanin ƙananan halittu a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ya yi gajeren rubutu a mujallar Lancet Infectious Diseases yana cewa an zuzuta haɗarin. Hujjarsa ita ce wasu daga cikin gwaje-gwajen sun zuba ƙwayoyi har miliyan 10 a wuri guda, adadin da ya yi nesa da abin da tari ko atishawa ke barin a kan tebur. A ganinsa, haɗarin na gaske yana nan ne idan mai cutar ya yi tari a kan abu, wani kuma ya taɓa cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Akwai wani ruɗanin kuma. Jirgin ruwan shaƙatawa na Diamond Princess, wanda aka killace a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 kuma mutum sama da 700 suka kamu a cikinsa, an sami burbushin ƙwayar a ɗakunansa kwana 17 bayan fasinjoji sun fita. Labari ya bazu cewa korona na yin kwana 17. Alhali gwajin da aka yi yana gano guntayen ƙwayar halittarta ne, ko tana da rai ko ta mutu, kamar yadda ganin saɓar maciji ba ya nufin macijin na wurin.

Kafin mutum ya kamu ta hanyar taɓa kaya, sai abubuwa da dama sun haɗu. Sai mai cutar ya bar ƙwayar da yawa a wurin, sai ta rayu har wani ya zo, sai ta koma hannunsa, sai ya kai hannun ido ko hanci ko baki kafin ya wanke. A kowane mataki adadin raguwa yake yi. A ranar 5 ga Afrilun 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yiwuwar kamuwa daga taɓa gurɓataccen wuri sau ɗaya bai kai 1 cikin 10,000 ba.

Babbar hanyar ita ce iska. Tun a Yulin 2020 masana 239 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman WHO ta yarda cewa ƙananan ɗigon numfashi na rataye a iskar ɗaki suna kama mutane. Sai a 2021 hukumar ta fito fili ta amince. A tsakanin nan an kashe maƙudan kuɗi kan goge-goge. Birnin New York ya riƙa rufe jiragen ƙasansa na ƙarƙashin ƙasa daga ƙarfe 1 zuwa 5 na dare tun 6 ga Mayun 2020 don a wanke su, aka shafe shekara guda ana rufe su da dare. A nan gida kuwa, an ga ofisoshin da ake goge tebur sau uku a rana, amma tagogi a rufe, mutum goma sha suna shaƙar iska ɗaya.

Rana da zafi

A wannan fannin ƙasar Hausa ta yi sa'a. Gwajin Hong Kong ya nuna cewa a sanyin firiji, digiri 4, ƙwayar ta yi mako biyu kusan ba ta ragu ba. A digiri 37 ba ta kai kwana biyu ba, a digiri 70 kuma minti 5 ya gama da ita. Wani gwajin a Amurka da aka yi da haske irin na tsakar ranar bazara ya nuna kashi 90 cikin 100 na ƙwayar da ta bushe a cikin yawu na mutuwa a kusan kowane minti 7.

Wato benci a tashar mota a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wurin zamanta ba ne. Shanya tabarma da katifa da butoci a rana, al'adar da iyaye mata suka daɗe da ita, tana da tushe a kimiyya. Wuraren da ƙwayar ta fi daɗewa su ne masu sanyi da rashin hasken rana: ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin kwanciya a asibiti, gidan ƙanƙara.

Amma zafi bai kare kowa daga numfashin na kusa da shi ba. A tsakiyar bazarar 2020 ne Kano ta ga yawaitar mace-mace, kuma a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mutum 979, inda kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ke da alaƙa da korona.

Me ke kashe ta?

Duk da ɓarnar da ta yi, ƙwayar korona na cikin masu sauƙin kashewa. Tana lulluɓe ne da wata siririyar rigar kitse, a jikin rigar ne ƙayoyin da take kama jikin mutum da su suke. Idan rigar ta yage, ta gama aiki. Duk abin da ke narkar da maiƙo yana iya yaga ta.

Shi ya sa sabulu ya fi komai araha da amfani. Yadda yake cire maiƙon miya daga kwano, haka yake wargaza rigar ƙwayar, ruwa kuma ya tafi da ita. Ba sai sabulu mai tsada ba, na wanki ma ya wadatar, muddin an cuɗa hannu da kumfa na daƙiƙa 20, har bayan hannu da tsakanin yatsu. Bokitin nan mai famfo, wanda masaniyar kimiyya 'yar Ghana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro har ake kiransa da sunanta, yana cikin abubuwan da kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Na biyu shi ne alkohol, sinadarin da ke cikin sanitaiza da sifirit. Nazarin Kampf ya nuna mai ƙarfin kashi 62 zuwa 71 cikin 100 na kashe ƙwayar cikin minti ɗaya. Mutane da yawa na zaton wanda ba a sirka ba ya fi ƙarfi, amma ba haka ba ne. Ruwan da ke ciki shi ke taimaka masa ya ratsa ƙwayar, ya kuma hana shi bushewa da wuri. Wanda aka tsinka da ruwa fiye da kima don a ci riba shi ma bai da amfani. A duba jikin kwalba, idan bai kai kashi 60 ba a bar shi. Kuma sanitaiza ba ya aiki sosai a hannu mai datti ko maiƙo, don haka mahauci da bakanike da mai suyar ƙosai sabulu ne nasu.

Na uku shi ne ruwan bilic, irin su Hypo da Jik, wanda sinadarin kulorin ke cikinsa. WHO ta ba da shawarar ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 don goge wurare. Idan an rubuta kashi 3.5 a jikin kwalba, ana zuba mudu ɗaya na bilic a mudu 34 na ruwa. A sauƙaƙe, mililita 30, kusan babban cokali biyu, a cikin lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. Idan kashi 5 aka rubuta, ɗaya ne a cikin 49. Inda jini ko amai ya zuba da yawa sai a ƙara ƙarfi zuwa kashi 0.5, ɗaya a cikin shida ke nan ga mai kashi 3.5.

A nan ne aka fi yin kuskure. Datti yana cinye ƙarfin kulorin, don haka dole a fara wanke wurin da sabulu da ruwa, sannan a shafa bilic. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, wanda ya fesa ya goge nan take bai yi komai ba. Haɗin kuma ba ya kwana, zafi da hasken rana na rage masa ƙarfi, sai a riƙa haɗa sabo kullum. Yana cin ƙarfe, yana ɓata yadi, bai dace da waya ba. Ita waya tsumma mai ɗan danshin alkohol na kashi 70 ya ishe ta.

Ruwan haidirojin da ake wanke ciwo da shi ma yana aiki a ƙarfin kashi 0.5. Wasu sinadaran kuwa, kamar benzalkoniyom da kulohezidin da ake samu a wasu magungunan goge-goge, nazarin Kampf ya ce ba su kai waɗancan ba a ƙarfin da aka gwada su. Ƙamshin asibiti da magani ke yi ba shi ne shaidar ƙarfinsa ba.

Lokacin da maganin ya zama guba

A Iran, jita-jitar cewa shan alkohol na kashe korona ta sa mutane suka sha metanol, wanda guba ne. Hukumomin ƙasar sun ce sama da mutum 700 suka mutu tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Afrilun 2020, wasu kuma suka makance.

A Amurka, cibiyoyin kula da waɗanda suka sha guba sun karɓi kira 45,550 kan kayan wanke-wanke da na kashe ƙwayoyin cuta daga Janairu zuwa Maris na 2020, ƙarin kashi 20 cikin 100 a kan shekarar da ta gabata. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da CDC ta yi a watan Mayu ta nuna kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun wanke kayan abinci da bilic. Da Shugaba Donald Trump ya yi tambaya a bainar jama'a ranar 23 ga Afrilu ko za a iya yi wa mutum allurar irin waɗannan sinadarai, sai da kamfanin da ke yin Dettol ya fitar da sanarwar gargaɗi. Daga baya Trump ya ce gatse yake yi.

A garin Bareilly na Indiya, an tsugunar da leburori masu komawa gida a kan titi aka yi musu feshi, hoton da ya jawo Allah wadai. A tsakiyar Mayun 2020 WHO ta fito ƙarara ta ce kada a fesa wa mutum sinadari ko ta wane hali, har da ƙofofin feshin nan da aka kakkafa a bakin wasu ma'aikatu. Feshin na ƙona ido da fata, yana tayar da asma, kuma ba ya taɓa ƙwayar da ke cikin hanci da maƙogwaron mai cutar. Haka feshin tituna da kasuwanni, hukumar ta ce ƙura da shara na kashe ƙarfin maganin kafin ya yi wani aiki. Kuɗin da jihohi suka zuba a wannan hidima da an sa su a ruwan famfo da sabulu a makarantu da asibitocin karkara, da har yau ana cin moriyarsu.

A cikin gida kuma haɗarin da ya fi kusa shi ne haɗa magunguna. Bilic da ruwan wanke masai mai asid idan suka haɗu suna fitar da iskar kulorin, wadda ke shaƙe mutum, musamman a ƙaramin banɗaki marar taga. Da ruwa kaɗai ake haɗa bilic. Kada kuma a juye shi a gorar lemo ko ta ruwan sha a gidan da ke da yara.

Inda gogewa ke da muhimmanci

Wannan duka ba ya nufin a jefar da tsumma. A asibiti, da gidan da ake jinyar mai tari ko mura, ƙwayar na sauka sabuwa kuma da yawa, ana kuma taɓa wurin nan take. A nan goge mariƙin ƙofa da ƙarfen gado da famfo da buta da waya yana da ma'ana. A gidan da babu marar lafiya, CDC ta ce wanke wurare da sabulu sau ɗaya a rana ya isa.

Asibiti ne ma ya fi zama abin lura game da MERS, 'yar uwar korona da ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar sun kamu. A 2015 matafiyi ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, kusan duka ta hanyar asibitoci. Daga raƙuma take fitowa, kuma wani bincike a mayankar Kano a 2015 ya sami ƙwayar a hancin wasu raƙuman, mafi yawansu kuma jininsu ya nuna sun taɓa kamuwa. 

Wasu cututtukan da ke addabar Arewa kuwa hannu da kwano da ruwa ne hanyarsu. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno inda aka fara gano shi a 1969, na yaɗuwa ta abinci da kayan gida da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, kuma ya fi tsanani a rani. Ita ma ƙwayarsa mai rigar kitse ce, sabulu da bilic na gamawa da ita. Wasu kuma, kamar ƙwayar shan inna da noro mai jawo amai da gudawa, ba su da wannan riga, shi ya sa sanitaiza ba ya yi musu komai sosai, sai wanke hannu da kulorin.

A cibiyoyin jinyar kwalara, ƙarfi uku ake haɗawa a bokiti daban-daban: kashi 0.05 cikin 100 don wanke hannu, kashi 0.2 don daɓe da gadaje, kashi 2 don amai da bayan gida. Kowane bokiti ana rubuta ƙarfinsa a jiki, domin wanda aka haɗa don bayan gida ya ninka na wanke hannu sau 40.